Ranar da Sufeto Ta Shigo Aji Uku

Kafin ku yanke min hukunci, ku bari ku ji daga bakina. Na san Gwaggo ta riga ta zaga rabin dangi da nata labarin, kuma a nata labarin ni ce yarinyar da arziki ya biyo har ƙofar ɗaki ta sa ƙafa ta shure shi.

Ni malamar aji uku ce a wata 'yar makarantar firamare da ke bayan cocinmu. Azuzuwa shida ne a jere, rufin kwano, tagogin katako, yara ɗari da 'yan kai. Ba mu da motar ɗauko yara, ba mu da babbar ƙofa mai maigadi. Ƙararrawarmu ma wani tsohon ƙarfen mota ne da ke rataye a bishiyar tsakar makaranta, kuma Hedimasta da kansa yake kaɗa ta, don ya ce tun da ya fara aiki bai ga wanda ya iya kiyaye lokaci kamar shi ba. Shekarata huɗu a wurin. A makaranta ni ce Malama, a gida kuwa har gobe Auta ce, wadda ake aika ta ɗauko wuƙa tana tsakiyar duba littattafan yara.

Shi kuwa wanda ake duk wannan rigimar a kansa, a wayata sunansa Mai Famfo. Bara famfon makarantarmu ya lalace, sai na ga wani dogo cikin rigar aiki, laka har gwiwa, yana fama da bututu. Na leƙo ta taga na ce, "Mai famfo, in ka gama nan ka duba mana na bayan ajina, ɗiga yake yi." Ya je ya gyara. Sai da aka tashi na ji Fasto yana ce masa, "Injiniya, mun gode ƙwarai." Ashe shi ne ke kula da ruwan rabin garin, taimako kawai ya zo yi wa coci. Ranar na so ƙasa ta tsage in shige. Da ya karɓi lambata daga baya, sharaɗi ɗaya ya kafa min: kada in canza masa suna.

Bayan wata takwas ya ce lokaci ya yi da zan je in gaishe da mahaifiyarsa. Ranar Lahadi ce bayan sujada. Mama ta zaɓa min doguwar riga ruwan toka mai dogon hannu, ta ce ita ce ke nuna natsuwa. Gwaggo, ƙanwar marigayi Babana, ta kawo min takalminta mai tsini wanda ya yi wa ƙafata kaɗan, ta ce, "Ki daure, mace ba ta mutuwa don yatsa ya matsu."

Mahaifiyarsa tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, har yau kowa Sista yake ce mata. Falonta kamar ɗakin ganin likita: kujeru an lulluɓe su da farin yadi, ƙasa tana ƙyalli tana ƙamshin maganin goge-goge, bango cike da hotunan 'ya'yanta cikin rigunan kammala karatu. Na zauna a bakin kujera kamar wadda aka ce ta riƙe ƙwai.

"An ce koyarwa kike yi," in ji ta.

"E, Mama."

"A ina?"

Na faɗa mata. Ta ajiye kofin shayinta a hankali.

"Waccan ta bayan coci? Ai ni na ɗauka wurin ajiye yara ne kafin iyayensu su taso daga kasuwa."

Na yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Na ce, "Ana karatu, Mama."

"Ba raini ba ne, 'yata. Shekara talatin da biyu na yi a asibiti, na san bambancin inda ake magani da inda ake shafa wa mutum mai a sallame shi. Ina da ƙawa, ita ce mai babbar makarantar nan ta kan titi, mai bene uku. Na yi mata maganarki. Ranar Alhamis ƙarfe goma za ta gan ki. Matar ɗana ba za ta ƙare a ƙarƙashin kwano mai tsatsa ba."

Na saci kallon Mai Famfo. Mutumin da ke iya tsayawa gaban ma'aikata hamsin ya ba da umarni, ranar nan kafet ya ƙura wa ido kamar an rubuta masa wasiƙa a jiki.

A mota na ce, "Ba ka ce komai ba."

"Ki je ki gani kawai, Malamata. Zuwa ai ba karɓa ba ne."

Na cire takalman Gwaggo na riƙe a hannu har gida.

A gida kuwa kamar an yi mana albishir da gidan sama. Gwaggo ta tashi ta taka rawa a tsakar falo. Mama dai ba ta yi rawa ba, ta jawo ni gefe ta ce, "Auta, ni ban ce makarantarku ba ta da kyau ba. Amma uwar miji ta miƙo miki hannu tun ba ki shiga gidanta ba. Ba a mayar da hannun kyauta baya."

Ba zan yi muku ƙarya ba, raina ya biya. Na sha wucewa ta gaban makarantar nan mai bene. Na ga fankoki suna juyawa, na ga ɗakin karatu ta gilashi, na ga malamansu mata da jakunkuna masu kyau, ba alli a gashin kowa. Wace ce ba ta so?

Ranar Litinin Hedimasta ya tara mu malamai shida a ofishinsa, wanda in mutum biyu suka miƙe ƙafa sai na uku ya fita. Ya ɗaga wata takarda mai hatimi.

"Daga ofishin ilimi. Suna duba ƙananan makarantu. Biyu sun riga sun rufe a zangon da ya wuce, an raba yaransu. Mu ranar Alhamis da safe sufeto za ta zo. Aji uku za ta gwada, don sun ce a nan ake gane ko yaro ya iya karatu ko raka 'yan'uwansa yake yi."

Duk suka juyo suka kalle ni. Alhamis.

Malamin aji biyar ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, abin ai dabara ne. Darasi ɗaya za a zaɓa a yi ta maimaita musu har Laraba. Waɗanda kansu bai ɗauka sosai kuma a ce su huta a gida ranar. Kowa haka yake yi."

Hedimasta ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Wanda muke roƙo kowace safiya yana ganin Larabarmu, yana ganin Juma'armu. Ba za mu shirya masa Alhamis ta musamman ba. Kowane yaro ya zo. In sun rufe mu, su rufe mu a kan abin da muke, ba a kan abin da muka ara ba."

Ban faɗa masa maganar babbar makaranta ba. Da aka fita tara na zauna a bencin baya na ɗauko waya.

Na rubuta wa Mai Famfo: "Alhamis ba zai yiwu ba. Sufeto za ta zo, kuma ajina za ta shiga."

Ya amsa nan take: "Ƙarfe nawa?"

"Ba su faɗa ba. Da safe dai."

"Tsohuwa ta riga ta ba da magana. Kin san halinta."

"A ɗaga zuwa Juma'a mana."

Sai bayan awa biyu ya dawo: "Na gwada. Mai makarantar tafiya za ta yi. Ta ce Alhamis ko a bari. Wani malamin ya riƙe miki ajin na awa biyu."

Na rubuta: "Yara talatin da ɗaya ne, ba jaka ba ce da za a riƙe min."

Ya karanta. Na ga alamar ta nuna ya karanta. Bai amsa ba ranar, bai amsa ba Talata, bai amsa ba Laraba. Ku da kuka taɓa jiran saƙo kun san yadda waya ke yin nauyi a aljihu.

Bari in faɗa muku abin da ya riƙe ni, don kada ku ce taurin kai ne kawai. Akwai wata yarinya a ajina, 'Yar Tela muke ce mata. Bara babanta ya kawo ta, shekararta tara. Shi ba ɗan cocinmu ba ne, ba ma addininmu ɗaya ba. Ya ce wa Hedimasta, "Ni karatu na kawo ta, an ce nan ana iyawa." Ya miƙo sakamakonta na makarantar da ta baro, an rubuta ta zo ta uku a aji. Na buɗe mata littafi, ta zuba shafin farko kamar ruwa. Na juya zuwa tsakiya, na nuna kalma ɗaya. Shiru. Ashe haddacewa take yi, ko harafi biyar ba ta rarrabewa. Ga in'ina, in ta tsorata sai magana ta maƙale mata a wuya har hawaye ya zubo.

A makarantarmu akwai doka guda da Hedimasta ba ya wasa da ita: kowane yaro sai ya karanta wa malaminsa wani abu shi kaɗai, kowace rana, ko da layi biyu ne. Kowane yaro yana da ɗan littafin da muke rubuta inda ya tsaya da inda ya yi tuntuɓe. Ba mu da kayan zamani, kwalaye muke roƙa a shaguna mu yanka, mu rubuta haruffa da gaɓoɓi a jiki. Lissafi kuma da murafen kwalba. Da 'Yar Tela na fara zuwa da wuri, minti goma sha biyar kafin a kaɗa ƙararrawa. Muka gano in ta buga tebur da yatsa, bugu ɗaya ga kowace gaɓa, maganar tana fitowa. Wata goma sha ɗaya muna wannan. Ajin kuma na kafa musu doka: ba a dariya, ba a ƙarasa wa wani kalma.

To ku faɗa min, in bar wannan yarinyar da baƙuwar fuska a gaba, ba kowa nata a ajin, in tafi ƙarƙashin fanka ana tambayata shekarata nawa ina aiki?

Duk da haka ranar Laraba da yamma kaya biyu na goge. Farar riga da baƙin siket na ganin mai babbar makaranta, da shuɗiyar rigata ta kullum wadda aljihunta ya riga ya yi fari da alli. Na rataye su gefe da gefe a jikin ƙofa. Na yi addu'a, amma gaskiya ba amsa nake nema ba, na riga na san ta. Ƙarfin hali nake roƙo.

Da safe na fito cikin shuɗiyar, da takalmina shimfiɗaɗɗe. Gwaggo ta kwana a gidan musamman don ta raka ni. Tana zaune ta sha ɗauri, jaka a cinya. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan kuma fa?"

"Makaranta zan tafi, Gwaggo."

"Wace makarantar?"

"Tawa."

Ta juya wajen Mama. "Kin gani ko? Ni dama na ce karatun nan ya yi mata yawa. Ke Auta, zaɓi za ki yi yau, ko alli ko aure."

Na ce, "Wanda zai aure ni bai ce in zaɓa ba tukuna. Ran da ya ce, zan ba shi amsa."

Mama tana tsaye bakin kicin da kofi a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta dai juya ta koma ciki, ko a dawo lafiya ba ta ce min ba. Na kama hanyar makaranta.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna Sufeto ta iso. Gajeriyar mace ce, tabarau a rataye da igiya a wuya, baƙin takalmi, ƙaton fayil a hammata. Fuskar nan ba alamar ta taɓa sanin dariya. Ba ta zauna a ofis ba, ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba. Bayan gida ta fara dubawa, ta rubuta. Ta ɗaga kai ta kalli rufin aji ɗaya inda rana ke leƙowa ta huda uku, ta rubuta. Hedimasta yana biye da ita hannu a baya kamar mai rakiyar gawa.

Sannan ta shigo ajina. Yara suka miƙe suka gaishe ta. Na riga na rubuta darasin ranar a allo.

"Malama, ajiye allin," in ji ta. "Abin da kika shirya na san za su iya."

Ta buɗe jaka ta fito da jaridar ranar. Ta bi tsakanin bencuna a hankali. Masu ɗaga hannu suna "ni, ni" ko kallonsu ba ta yi ba tukuna. Masu sunkuyar da kai take nema.

Na farko ya karanta labarin wasan ƙwallo tas. Ta ce, "Rufe. Faɗa min da bakinka, me ya faru?" Ya faɗa, har da ƙarin ra'ayinsa a kan mai tsaron gida. Ta biyu ta ci karo da wata doguwar kalma, ta tsaya, ta sa yatsa ta rufe rabinta, ta karanta gaɓa-gaɓa, ta haɗa, ta wuce. Sufeto ta ɗan kalle ni ta saman tabarau, ta yi rubutu. Haka ta yi ta bi, ɗaya bayan ɗaya, tana canza shafi don kada na baya ya haddace abin da na gaba ya faɗa. Uku suka kasa kai ƙarshen layi. Ta tambaye su sautin haruffa, suka ba ta. Na ɗauko 'yan littattafansu na nuna mata inda kowannensu ya faro da inda yake yanzu. Ta duba kwanan wata shafi-shafi.

Sai ta isa bencin ƙarshe, jikin bango. 'Yar Tela ta dunƙule kamar ta shige cikin rigarta.

"Ke. Karanta nan."

Sanarwa ce a kan wata gada da za a rufe don gyara. Yarinyar ta miƙe da jaridar a hannu. Ta buɗe baki. Harafin farko ya maƙale. Ta sake gwadawa, ya sake maƙalewa. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Ni kuma na dunƙule hannu a aljihu har allin da ke ciki ya karye.

Ajin nan tsit. Yara talatin, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya raɗa mata kalmar. Jira kawai suke yi, kamar yadda suka saba. Sufeto ta waiga ta dube su, ina jin shirun ne ya ba ta mamaki.

'Yar Tela ta ajiye jaridar a kan tebur. Ta ɗora yatsa a gefe. Ta buga sau ɗaya, gaɓar farko ta fito. Ta buga, ta biyu ta fito. Layin farko da ƙyar, na biyu da sauƙi, kafin ta kai na huɗu yatsan ma ya daina bugu ba ta sani ba. Ta karanta sanarwar har ƙasa, har sunan ofishin da ya fitar da ita.

"Me ya sa za a rufe gadar?" in ji Sufeto.

"Ƙa-ƙarfen ƙasanta ya tsage."

"Kwana nawa?"

"Sati shida." Ta ɗago kai. "Malama, to yaran da makarantarsu take ƙetare, ta ina za su bi?"

Sufeto ta ɗauki jaridar ta sake dubawa. "Ba su faɗa ba."

"Ya kamata su faɗa," in ji 'Yar Tela, ta zauna.

Na rantse muku na ga gefen bakin matar nan ya motsa. Ta yi maza ta juya wajen allo ta rubuta lissafi, ta sa amsar da ba daidai ba da gangan, ta ce, "Ku kwafa." Ba a yi minti ɗaya ba wasu 'yan biyu mata da ke bencin gaba suka ɗaga hannu tare. "Malama, ba haka ba ne." Ta ce su nuna mata. Suka juye gwangwanin murafen kwalba a kan teburina suka jera mata goma-goma har ta ce ya isa.

A lokacin ne na kalli taga. Can jikin bishiya, ga wani dogo tsaye cikin farar riga, makullin mota a hannu. Mai Famfo. Na kalli agogon hannuna, goma da kwata. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Na ɗauke kai, don aikina bai ƙare ba.

A ofishin Hedimasta ta zaunar da mu. Ta buɗe fayil.

"Bayan gida biyu ga yara sama da ɗari, ba zan karɓa ba. Rufin aji ɗaya, ba zan karɓa ba. Na ba ku wata uku, zan dawo da kaina." Ta juya shafi. "Karatu kuma. Yara ashirin da takwas cikin talatin da ɗaya sun karanta abin da ba su taɓa gani ba, sun kuma gane shi. Ukun da suka rage an san inda suke, an san inda za a kai su. Makaranta goma sha ɗaya na shiga a zangon nan, har da masu bene da motoci. Ban samu haka ko'ina ba."

Ta sa hannu a takardar sabunta izini, ta buga hatimi. Sannan ta dube ni.

"Malama, wata mai zuwa muna tara malaman ƙananan azuzuwa a ofishinmu. Ina so ki zo da kwalayenki da murafenki ki nuna musu yadda kike yi. Ki zo da dokar nan ta hana dariya ma."

Na ce to, amma ban san da wace murya na faɗa ba. Tana fita Hedimasta ya zauna a kujerarsa ya rufe fuska da hannu biyu. Malamar aji ɗaya ta ɗauko waƙar yabo, muka amsa, har malamin aji biyar, shi ne ma ya fi kowa ɗaga murya. Yara suka jiyo mu daga azuzuwa suka ɗauka, ba su ma san dalili ba.

Na sami Mai Famfo a bakin famfo, inda muka fara haɗuwa. Na tsaya nesa kaɗan na harɗe hannu.

"Kwana uku ba amsa."

"Na sani. Ban kyauta ba." Ya juya makullin a yatsa. "Ɗaukarki na zo yi. Na ce ko da rigima sai kin shiga motar nan."

"To ga ni."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Zan faɗa miki abin da ba wanda ya sani sai Yayata. Ni sai da na kai aji biyar ban iya karatu ba. Makaranta mai tsada nake, kullum ina cikin na gaba-gaba, amma haddacewa nake yi. In malami ya ce a buɗe sabon shafi, sai in ce cikina yana ciwo. Shekara biyar ba malamin da ya gane. Yayata ce ta kama ni, ta riƙa koya min a ɓoye a bayan gida. Da na ga yarinyar nan tana buga tebur, kuma duk ajin suna jiran ta..." Ya kalli gefe. "Ni ba a taɓa jira na ba."

Duk faɗan da na tanada na kwana uku ya bi ruwa.

"Na kira Tsohuwa tun ina tsaye a can," in ji shi. "Na ce ba za ki zo ba, kuma ni ne na ce kada ki zo. Na faɗa mata wancan labarin ma."

"Me ta ce?"

"Ta kashe waya." Ya ɗan murmusa. "Na ji matar nan tana maganar bayan gida ta taga. Wannan ki bar wa mai famfo. Asabar zan zo da mutanena mu auna."

Da na koma gida Gwaggo ta cire ɗaurin, tana kwance a doguwar kujera ta juya min baya. Na durƙusa gaban Mama na ba ta labari tun daga farko. Ba ta katse ni ba sai da na zo kan gayyatar.

"Tsaya. Ke za ki koya wa malamai?"

"Haka ta ce, Mama."

"Na garin nan duka? Har da na makarantar mai bene?"

"Ina jin har da su."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta miƙe, ta gyara zani, ta fita tsakar gida. Ina jin ta ta katanga tana kiran maƙwabciyarmu, wai aron tsintsiya take nema, alhali muna da uku. Kafin a miƙo tsintsiyar, matar ta ji komai, har da abin da Sufeto ba ta faɗa ba.

Gwaggo ta ce daga inda take kwance, "Takarda mai hatimi dai ba ta aure. Ku jira ku ji daga uwar miji."

Bakinta kamar ta aika. Wajen ƙarfe biyar ina kwashe shanya, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Ni ce mahaifiyar Injiniya. Yau kin kunyata ni a gaban ƙawata. Ɗana kuma ya faɗa min maganar da tun da na haife shi ban taɓa ji ba. Gobe ƙarfe takwas zan zo wannan ajin naki in gani da idona. Kada ki shirya komai. Kada ki faɗa masa."

Na karanta sau uku, zanin gado a kafaɗata. Na rubuta: "Allah ya kai mu, Mama. Akwai benci a baya, sai dai ba shi da jingina."

Ta karanta. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Sannan saƙon ya shigo.

"Ki tanadi wurin mutum biyu. Jikata zan kawo, aji huɗu take a makarantar ƙawata. Ɗazu na buɗe mata tsakiyar littafi."